Taɓarya Ɗaya

Mu huɗu ne a gidan ran nan: ni, da maigida, da Hadiza matar ɗana Idi, da jaririnta. Idi yana Abijan ci-rani.

Maigida ba shi samun barcin dare tun da tansiyo, hawan jini, ta kama shi. Na hana mishi shayi bayan la'asar, na ɓoye goro, na riƙa kashe rediyo. Ya yi ta mita, ban kula shi ba. Abu guda ke sa shi barci: daka. Bayan asuba, in muka sa taɓarya biyu cikin turmi, ni da Hadiza, ina ɗagawa tana saukewa, sai a ji minsharinshi daga zaure. In ya tashi, idonshi fari, kai ba ya sara.

Ran nan ma haka aka yi. Da hantsi Hadiza ta kwance mini yaron, ta ɗauki tulu ta tahi rijiya.

Sai ƙugin babur daga kudu, ba ɗaya ba. Awaki suka rikice. Sannan bindiga, wajen rijiya, muka jiyo mahara suna ihu:

“Ku kwanta! Kowa ya kwanta!”

Na goya yaron. Na finciko maigida daga tabarma. Muka bi ta bayan rumbu, muka faɗa cikin karan dawa. Azahar ta same mu a kwari, ƙaurin hatsi yana biyo mu. Da la'asar muka kai titi. Wata motar albasa ta kwashe mu zuwa Madawa, gidan ƙanena.

Can maƙwabciyarmu ta iske ni. Ta ce da kowa ya tashi daga bakin rijiya, Hadiza ba ta tashi ba. Na hana a gaya wa maigida. Na ce mishi tana wurin danginta.

Barci ya ƙaurace mishi ɗungum. Ko ƙofa aka turo sai ya zabura. Ido ya yi ja, ya fara mance raka'a. Lokotoro ya gwada shi, ya ba da magani, ya ce in bai samu barci ba jinin zai kayar da shi.

Na shimfiɗa mishi tabarma can nesa da titi, na rataya zane a taga. Bai runtsa ba. Sai na ce wa matar ƙanena ta ara mini turmi. Ta turo shi da taɓarya biyu.

Bayan asuba na zuba gero na kama daka. Can ya ce, “Uwar Idi, taɓarya ɗaya nike ji.”

Na ce, “Ita ce ta rage, Malam.”

Ya juya fuska ga bango, kafaɗunshi suna motsi. Ban tsaya ba. Geron ya koma gari, ina ta daka. Rana ta kusa tsaka na ji minshari.

Washegari na goya yaron, na maida wa matar ƙanena taɓarya ɗaya.