Gangar da ta saki

Ƙanena masassaƙi ne, kamar mahaifinmu. Ni ban gaji sana'ar ba. Na yi lakkwal, wato makarantar boko, kaɗan a Matameye, na koma gona. Mahaifinmu turmi da taɓarya da ƙotar hauya ya sassaƙa har ya rasu. Ƙanena da su ya fara, sannan ya shiga yin ganga, sannan ya koyi kaɗa ta, don ya ce ba zai sayar da abin da bai san muryarsa ba. Daga baya ya riƙa sassaƙa siffofin raƙuma da na mata masu daka da guntayen itacen da suka rage, ma'aikatan proje na ƙungiyoyin agaji suna saye. Kiɗan ne ban so ba. Na faɗa masa sau ɗaya, ban sake ba.

Aikinsa yana da tsari, wannan kam na yarda. Sai ya zaɓi gungumen itacen alilliba ya bar shi a inuwa ya bushe. Sai ya rarake cikinsa, yana yi yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, kunnensa manne da itacen. Sai ya jiƙa fatar akuya, ya kankare gashin, ya ɗaura, ya ja igiya. Na ƙarshe aikin kunne ne: ya buga, ya saurara, ya ƙara ja. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu, saboda haka duk gangar da ya yi na ji ta, ko ban so ba.

Kunnen ne ya fara barinsa. Na lura in ana magana bakin mutum yake kallo. Ya je Damagaram wajen likita, ya dawo da maganin ɗigawa, bai ce wa kowa komai ba. A gari ba a sani ba, aka ci gaba da kiransa kiɗan noma.

Wata damina wani manomi ya kira gayya a gonarsa ta hanyar Kurni. Na je da hauyata, ƙanena ya je da gangarsa. Da damina fata tana shan danshi ta saki, shi ya sa makaɗi yake gasa ta a bakin wuta kafin ya fara. Ya gasa. Ya bi bayan samari yana kaɗa wa kowa takensa, aiki yana tafiya. Da hantsi aka yi yayyafi. Gangar ta saki, ta koma kamar ana dukan buhun dusa. Hannunsa daidai yake, bai ɓata taken kowa ba, amma muryar ta mutu, shi kuwa bai ji ba.

Wani saurayi ya ɗago ya ce, "Sarkin kiɗa, yau tabarma kake kakkaɓewa?"

Aka yi dariya. Ƙanena ya ga haƙora, ya ɗauka daɗi suke ji, ya ƙara ƙarfi.

Mai gona ya zo kusa da ni. "Malam, a bar shi ya ƙarasa. Kada a kunyata shi."

Na ce, "Ana kunyata shi tun ɗazu."

Na ajiye hauya, na tsallake kunyoyi, na tsaya gabansa, na riƙe gular da yake kiɗa da ita. Na ce masa a hankali, yadda zai ga bakina, "Ta saki."

"Tun yaushe, Yaya?"

"Tun yayyafi."

"Kowa ya ji?"

"Kowa."

Ya danna fatar da babban yatsa, ta lotsa. Ya dubi samarin, kowa ya sunkuya kan hauyarsa. Ya wuce gindin gawo inda mata suke tuƙa tuwon gayya, ya ce su ɗan matsa masa. Ya kara gangar a wuta yana juyawa. Ya buga, ya kalle ni.

"Ta yi?"

"Da saura."

Ya mayar, ya juya, ya sake bugawa.

"Ta yi," na ce.

Ya koma bayan samari ya kaɗa har aka gama gonar. Wanda ya yi maganar tabarma ma ya samu takensa, har sau biyu.

A hanyar gida ya ce, "Ba zan riƙa kaɗa wa mutane idona yana kan bakin wani ba." Ban ba shi haƙuri ba, don maganar tasa daidai ce. Bai ƙara zuwa gayya ba. Da aka zo kiransa wani biki, ya tura su wajen wani makaɗi na Dungu, ya haɗa musu da ganga.

Sassaƙa bai bari ba. Yanzu raƙuman sun fi yawa, gangar jefi-jefi. Itacen kam da tafin hannu yake gane kaurinsa, bai neman kowa. In ya ɗaura fata ya ja igiya, sai ya zagayo ƙofata da gangar a hammata, ya tsuguna, ya buga. Ni kuma in ce da saura, ko in ce ta yi.