Waƙar Godiyar Kaka da Karin Lugude

Ni ban yi boko mai zurfi ba. A aji huɗu na tsaya, na kama gyaran babur a Daura, har yau ina nan cikin baƙin mai. Amma kunnena ya san waƙa, wannan ko maƙiyina ba zai musa ba.

Cocinmu ƙarami ne, yawancin masu zuwa baƙi ne, 'yan sanda da malaman makaranta. Mu 'yan ƙasa ba mu cika benci biyu ba. Innata tana zuwa kowace Lahadi, amma ba ta taɓa buɗe baki a waƙa ba. Ta ce waƙoƙin littafi Hausa ce aka ja mata wuya har ta daina gane kanta. Abin yana ci mini rai, tsohuwa ta gama rayuwarta tana sujada da baki a rufe.

Da godiyar kaka ta matso, sai na tsara baiti bakwai a kan karin da matan ƙauyenmu na wajen Sandamu suke lugude da shi. Na sa gero, na sa wake, na gode wa Ubangiji har da jakin da ya ɗauko dammuna. Wani dattijon ikilisiya ya ce jaki ba ya shiga sujada. Fasto ya yi dariya, ya ce a bar jakin.

Ranar, shugaban mawaƙa, mai ji da kansa, ya ɗora waƙar a piyano yana ja a hankali kamar ana rakiyar gawa. Shi bai san waƙar lugude ba ta tafiya sai da saukar taɓarya ba. Na sunkuyar da kai, na ce shi ke nan, sun kashe ta.

Sai na ji ƙwal, ƙwal a siminti. Inna ce take buga sandarta. Wata tsohuwa ta amsa mata da dunduniya, matan zumunta suka shiga tsakani da tafi, piyano ya bi su a guje. Inna ta ɗauki baiti na uku da muryar da rabona da ita tun ina yaro.

A hanyar gida na tambaye ta yadda ta ji.

Ta ce, "Baitin waken nan gurgu ne. Ka gyara shi kafin Lahadi, ni ba zan rera shi haka ba."