Gidajen Da Na Tsallake

Ni ɗan Kakuri ne, a bayan tsohuwar masaƙa aka haife ni. Babana ya rasu ina aji uku na sakandare, Mama ce ta riƙe mu da sayar da hatsi a kasuwa. Tun ina ƙarami kaina yana ja a lissafi, kuma abin ya shige mini kai, ina ganin duk wanda ke unguwarmu daƙiƙi ne. Da jami'a ta gagara, sai na kama tuƙin keke napep.

Kowace Asabar da la'asar ina ajiye keken a shagon wani mai aski a unguwar Television, mu kalli wani shiri na Turawa. A cikin shirin wani masanin lissafi ne ke taimaka wa 'yan sanda. Ya ɗauko taswira, ya ɗiga jan alƙalami duk inda aka yi ɓarna, ya ja layuka, sai ga gidan mai laifi ya fito. Abokin kallona Baba Yohanna ne, wanda ya koya mini lissafi a sakandare kafin ya yi ritaya. Yakan ce, "Ɗana, kalli da kyau. Ɓarawo ba ya sata a ƙofar gidansu, kuma ba ya son tafiya nesa. Shi ya sa ɗigon ke yin zobe." Shi yana kallo don sha'awa, ni kuwa ashe darasi nake ɗauka.

Farkon abin, wata mata ce ta manta tukunyar gas a kekena. Na san gidanta sarai. Na ce gobe zan kai, goben ta zama mako, a ƙarshe na sayar a Kakau. Ba wanda ya tambaye ni. Wallahi wannan shirun shi ya lalata ni.

Daga nan na lura cewa ranar Lahadi da safe ni ke kwasar mutane zuwa coci, iyali guda, a gabana suke kulle ƙofa. In na sauke su sai in juyo, in haura katanga, in ɗauke tukunyar gas daga kicin. Wa zai tsayar da mai keke don ya ɗauko gas? Don kada ɗigona ya yi zobe, na rubuta sunayen unguwanni a 'yan takardu, na zuba a gwangwani. Wadda hannuna ya ɗauko, can zan nufa. Ina dariya ni kaɗai, wai na fi Baturen shirin wayo.

Abu ɗaya ne ban bar wa gwangwani ba. Mama ita ce shugabar zumuntar mata a cocinmu, kuma matan nan su suka goya ni, ɗanmu suke ce mini. In na zo gidan ɗaya daga cikinsu, ko ƙofa a buɗe take, sai in wuce. Ina jin kunyarsu, har ina yaba wa kaina cewa ni ɓarawo ne mai tarbiyya.

Sata ta yi yawa, 'yan banga suka rasa ta inda za su kama, suka roƙi Baba Yohanna ya gwada irin abin telebijin ɗin nan. Ya ɗiga, ya ɗiga, ba zobe, ba layi. Sai ya bar gidajen da aka shiga, ya koma duba waɗanda ba a shiga ba. A layi ɗaya an ɗauke na dama, an ɗauke na hagu, an bar na tsakiya. Ya bincika, duk na tsakiyar nan gidajen matan zumuntarmu ne. Ya ce wa 'yan banga, in mutum ya yi ta jefa ɗan ludo tun safe shida ba ta fito ko sau ɗaya ba, to a duba hannun mai jefawa.

Bakin 'yan banga ba ya riƙe magana. Kafin mako ya zagayo, gari ya ɗauka cewa a cikin zumunta akwai mai ba ɓarayi labari. Wa ke shiga gida-gida gaishe da marasa lafiya, ta san kicin ɗin kowa? Mama. Aka daina tsayawa a rumfarta. Dattawan coci suka ce ta ɗan sauka daga shugabanci har a gama bincike. Matar da ko canjin naira biyar ba ta taɓa riƙe wa mutum ba!

Ina kallo, na yi gum. Mako biyu cur. Kullum da safe ina jin ta tana addu'a da ƙarfi Allah ya tona asirin mai wannan aiki, sannan ta zuba mini kunu ta ce, "Sha ka fita, kada ka makara." Na sha kuwa. Har yau in na tuna kunun nan sai in ji na tsani kaina.

Ranar da dattawa suka kira ta, ni na ɗauke ta a keke. A ƙofar coci Baba Yohanna ya riƙe hannuna bayan ta shiga.

Ya ce, "Ni na jawo wa uwarka wannan, kuma ba na iya barci. Lissafina bai ce ita ba ce. Abin da ya ce, ɓarawon nan yana jin kunyar matan zumunta."

Na ce, "Baba, ai ɓarawo ba shi da kunya."

Ya dube ni ya ce, "Wannan yana da ita. Saura mu ga ko ta kai ya shiga ɗakin can."

Ya sake ni ya tafi. Na tsaya ina jiyo muryar Mama daga ciki tana cewa ita ba ta san komai ba, muryar tana karyewa. Na tura ƙofa na durƙusa. Na ce, "Ku ƙyale ta, ni ne." Mama ta ce, "Kai, tashi! Kada ka yi ƙarya don ka cece ni." Sai da na lissafa gidajen ɗaya bayan ɗaya, da inda na sayar, sannan ta zauna a ƙasa.

Kotu ta ba ni shekara uku. A gidan yari na koya wa fursunoni lissafi, na kuma roƙi Allah gafara da gaske. Mama ba ta fasa kawo mini garin kunu ba ko wata ɗaya. Da na fito na bi gidajen da na shiga na nemi gafara. Wasu sun yafe, wasu sun rufe ƙofa, kuma ban ga laifinsu ba. Yanzu walda nake yi.

Ƙannena, ku ji ni. In kun tsinci abin da ba naku ba, ku mayar tun ranar, kada ku ce gobe. Kada kuma wayo ya ruɗe ku cewa za ku yi ɓarna ku kare naku. Ni na gwada, kuma a kan wadda na fi so abin ya sauka.

An wanke sunan Mama, an roƙe ta ta koma shugabanci, ta ƙi. Na ce, "Mama, ko ba ki yafe mini ba ne?"

Ta ce, "Na yafe tun a ɗakin nan na coci, ɗana. Amma in na shiga gidan mutane, sai in ga uwargida ta waiga ta dubi kicin."

Shekara huɗu ke nan da fitowata. Har yau in Mama ta je gaisuwa, daga bakin ƙofa take tsayawa.