Ranar da Kawu ya cire mini wayar haƙori

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da kawuna ya cire mini wayar haƙori da filaya ba.

Ina yarinya a Kafanchan, farkon shekarun casa'in, haƙorana na sama sun turo waje har leɓena ba ya iya rufe su. Yara a makaranta suna kirana zomo. Ina son waƙa, amma cikin mawaƙan coci layin baya nake tsayawa, hannuna a baki. Babanmu ya rasu, Mama kuwa citta take kankare wa mutane, abin da take samu na tuwo ne kawai.

Maƙwabciyarmu, wata 'yar Ibo matar ma'aikacin reluwe da muke kira Madam, ita ta ce ana gyara irin wannan a Jos. Ta kai maganar gaban zumuntar matan coci, aka yi baiko na musamman, wato aka tara gudummawa. Wadda ba ta da kuɗi ta kawo doya, wata ta kawo kaza. Madam ta ɗauke ni a jirgin ƙasa, likita ya sa mini waya, ya ce lallai a riƙa dawo da ni yana matse ta a hankali har haƙoran su koma ciki. Da na dawo mata suka yi ta guɗa. Cikin murnar nan babu wadda ta tuna da kuɗin zuwa da komowa.

Madam ta ci gaba da kai ni, haƙoran suka fara shiga. Sai albashin mijinta ya daina zuwa a kan kari, ya kwashe iyalinsa suka koma garinsu. Tana kuka ta ce wa Mama da Hausarta, "Mama, ka yi ƙoƙari, kar ka bar wannan aiki rabi." Mama ta ce to. Amma kunya ta hana ta sake tsayawa gaban matan da suka riga suka yi nasu, su kuma suna ganin waya a bakina suna zaton komai lafiya.

Watanni suka wuce, wayar ta saki, tsininta ya riƙa sokar kumatuna. Dasashina ya kumbura, ko kunu da kyar nake sha. Ƙanen Mama, mai gyaran keke a Fadan Kaje, ya zo ya gan ni na rame, ya ce, "Yaya, yunwa za ta kashe yarinyar nan saboda kwalliya?" Mama ta ce, "To yaya zan yi?" Ya dafa filayarsa a ruwan zafi, ya zaunar da ni kan turmi. Na riƙe rigarsa ina roƙo, "Kawu, saura kaɗan fa, a bar ta." Ya ce, "Yi haƙuri, 'yata." Mama ta juya mana baya. Garin cirewa gefen haƙori ɗaya ya ɓalle.

Ba a daɗe ba haƙoran suka sake turowa. Da labari ya kai coci, shugabar zumunta ta zo har gida, ta ce, "Haba 'yar'uwa, me ya hana ki faɗa mana? Ai da mun sake haɗawa." Mama ta fashe da kuka.

Ban riƙe kowa a raina ba, duk ƙauna ce ta sa suka yi abin da suka yi. Baƙin cikina shi ne magana ɗaya ta isa ta ceci aikin. Abin da na koya kuwa, in ka fara taimakon mara ƙarfi, ka koma ka duba shi da kanka, domin bakinsa ba zai iya roƙonka sau biyu ba.