Kyamarar da Muka Saka wa Motar Laoban

Shekarun baya, a shekarar da China ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik, ina zaune a unguwar Xiaobei da ke birnin Guangzhou ina sayen kayan lantarkin mota ina turawa Kano: rediyo, fitilu, da 'yan kyamarorin nan da ake sakawa a bayan mota don yin ribas.

Akwai wani dattijo ɗan China a kasuwar Shisanhang da nake saya wa yayata riguna a shagonsa. Laoban muke ce masa, wato maigida. Wata rana na tarar da shi yana nuna wa maƙwabtansa hoton wata doguwar mota, mai gado da wurin girki da banɗaki a ciki. Da ɗan Turancinsa da ɗan Sinancina na fahimci cewa matarsa ta samu shanyewar ɓarin jiki, ba ta iya zaman jirgin ƙasa, ga shi tana so ta ga yayarta da ke kwance a ƙauyensu can arewa. Shi ya sa ya sayi motar, zai tuƙa ta da kansa. Damuwarsa ɗaya: idan ya waiwaya zai yi ribas, bangon ɗakin motar kawai yake gani.

Bakina ya riga ni. Na ce, "Ai ni nake sayar da maganin wannan. Ni zan haɗa maka."

Alhali ban taɓa buɗe ko kwali ɗaya ba, lodi kawai na iya. Sai na garzaya wajen abokina, mutumin Maraɗi, wanda ya yi aikin wayarin mota kafin ya shiga kasuwanci. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Alhaji, kai ka yi alkawari, ni zan yi gumi? To, mu je."

Mun sha gumin kuwa. Zafin Guangzhou na wannan lokaci kamar an kifa maka tukunya. Abokina ya hau tsani ya huda saman bayan motar, ya ɗaura kyamarar, ya toshe ramin da gam don kada ruwa ya shiga. Ya nemo wayar fitilar ribas ya jona wutar a nan, domin da an sa giyar ribas hoto ya fito. Sai ga wayar da za ta kai hoton gaba ta ƙare a tsakiyar gado, ashe ta ƙaramar mota ce. Na zaga shaguna, kowa "meiyou", babu, sai can bayan titin Huanshi Lu na samo doguwa. Muka bi da ita ƙarƙashin gado da bayan kabad. Nawa aikin shi ne riƙe tocila, a nan ma sau da yawa fuskarsa nake haskawa.

Da muka gama, abokina ya manna ɗan allon da zai nuna hoton daidai gaban sitiyari. Laoban ya duba, ya girgiza kai. Ya shiga gida ya turo matarsa a keken marasa lafiya, ya ɗauke ta cak, tsoho da shi, ya zaunar a kujerar gefe, ya gyara mata hannun da ba ya motsi. Sannan ya nuna mana tsakiyar gilashi, ya ce a mayar da allon can, a karkato shi wajenta.

Abokina ya ce, "Faɗa masa direba ake saka wa."

Na faɗa masa. Ya ce tun suna da ƙaramar motar kai kaya, ita ke sauka ta tsaya a baya tana yi masa hannu. Tun da ta kwanta ba abin da ake tambayarta sai me za ta ci. Yana so ta samu aikinta.

Abokina ya ɓamɓare allon ya sake zare waya.

Laoban ya sa ribas. Motar ta fara ja da baya a hankali, bangon gidan yana matsowa a allo. Matar ta kafe shi da ido, can ta buga cinya da lafiyayyen hannunta, ta ce da ƙarfi, "Ting!" wato tsaya. Ya taka birki. Saura fili da yawa, amma ya kashe mota yana dariya, ita ma rabin bakinta ya yi murmushi. Na juya na ga abokina yana share fuska da riga, wai gumi ne.

Bayan sun kama hanya, shagon Laoban ya daɗe a rufe. Sai bayan an gama wasanni na sake ganinsa, ya yi baƙi ya rame. Sun isa, ta tarar da yayarta da rai, sun yi makonni tare.

Har yau ina jinjina wa mutumin nan. Na ga masu kai mara lafiya asibiti mai tsada, amma ban cika ganin mai tuna cewa mara lafiya ma yana so a buƙace shi ba. Da na tambaye shi ko kyamara ta yi aiki, sai ya ɗaga babban yatsa, ya ce, "Sosai. Tun daga nan har ƙauye faɗa take yi mini."