Rigar Kwamfutar Malam Maje

Malam Maje ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan tafireta a wata ma'aikata, har yatsunsa suka yi kanta. Da sojoji suka koma bariki, 'yan siyasa suka shiga neman mai buga musu takardu, sai ya ajiye aiki ya buɗe shagon buga takardu da kwamfuta a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi ta Kano. Kwamfutar kuwa amininsa Chibuikem ne ya haɗa masa, wani mai gyara a Tarauni, wanda tun suna samari suke cin tsire a takarda ɗaya.

A gidan Maje abu mai daraja ba ya zama tsirara. Rediyo na da mayafinta, talabijin na da nata. Don haka matarsa Kubura ta ɗinka wa akwatin kwamfutar riga ta karan-miski, har da sunan maigida da zare ruwan gwal. Maje ya zura mata, ya ja da baya yana kallo kamar ya aurar da 'ya.

Chibuikem na gani ya dafe kai. "Malam Maje, ƙwaƙwalwar nan zafi take yi, fanka ke fitar da shi ta baya. Ka toshe mata hanci. In za ka kunna, ka tuɓe mata."

Maje ya ce to. Amma duk wanda ya shigo sai ya yaba rigar, shi kuwa mutum ne mai son yabo kamar me.

Ranar wata Laraba cikin bazara, shago cike da masu jiran katin biki da fastar kansila, fanka ta yi ta kuka, ƙauri ya tashi, allo ya yi ɗif. Idanu suka dawo kan mai shago. Nan Maje ya yi abin da ya fi komai muni a rayuwarsa.

"Ruɓaɓɓen kaya Chibuikem ya haɗa ni da shi!" in ji shi, da ƙarfi, har masu shagunan maƙwabta suka leƙo.

Aka kira Chibuikem. Kafin ya iso magana ta riga shi. Ya dubi rigar, ya dubi Maje, ya dubi jama'a. Sai ya zare rigar a hankali, ya ninke, ya ajiye a kan kujera. Ya buɗe akwatin, ya canja fanka, ya goge busasshen man da ke kan ƙwaƙwalwar ya shafa sabo. Allah ya taimaka ba ta ƙone ba.

"Fankar ce ta gaji," ya ce wa mutane.

Da ma zaginsa ya yi, da Maje ya fi samun sauƙi. Kunya ta rufe shi, ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, ya ga idanu, ya haɗiye. Maganar ruɓaɓɓen kaya kuwa ta zaga Tarauni har Daurawa, masu kai gyara suka riƙa wuce ƙofar Chibuikem.

Har yau in sun haɗu Chibuikem ne ke fara gaisuwa, Maje ya amsa kansa a ƙasa. Kwamfutar na aiki tsirara. Rigar tana nan a ninke kan kujerar da Chibuikem ya saba zama da yamma, kuma tun ranar bai sake zama a kanta ba.