Ƙarfen da Na Kira Kwalliya

Edita, ina yi muku sallama, ku da masu karatu. A lokacin da abin nan ya faru ni dillalin kayan gyaran babur ne a bakin Sharaɗa, kuma har yau sana'ata ke nan. Ba gado na yi ba. Da wankin noti a fetur na fara a garejin wani, har Allah ya ba ni shago nawa na kaina. Mutum ne ni mai lura da abin da kasuwa take so tun kafin maƙwabtana su farga, kuma ina alfahari da hakan. To wannan wayon ne ya kai ni ga abin da zan ba ku labari.

Akwai wani irin ƙaramin babur mai dogayen ƙafafu da muke kira na malaman gona, wanda yake bin kwalta ya kuma shiga jeji. Da aka riƙa yin gwanjonsu, ma'aikatan kamfanonin Challawa da ke zaune a ƙauyukan bayan kogi suka yi ta saye, domin da damina shi kaɗai ke fitar da su daga taɓo. Aibinsa ɗaya, ba shi da gudu. Ni kuma sai na samo wata salansa mai araha, ƙarfenta siriri, cikinta fayau ba komai. In na ɗaura ta, sai in ƙara wa kafireta mai, in buɗe wa injin hanyar iska, in canja haƙorin sarƙa. Gaskiyar da ba na faɗa wa kowa a lokacin ita ce ƙarfin da yake ƙaruwa kaɗan ne. Ƙara ce take ƙaruwa. Mutum ya murɗa totur, kunnensa ya gaya masa babur ya zama doki, ya biya yana murna. Ƙara nake sayarwa, kuma ta karɓu.

Salansar wannan babur ba ta ƙasa take bi ba kamar ta sauran. Sama take hawa, ta wuce dab da cinyar wanda aka goya. Shi ya sa ta asali take da nauyi, kuma an rufe ta da wani faffaɗan ƙarfe mai huda-huda wanda yake tare zafi. Tawa ba ta da shi, ba ta ma da kunnen da za a ɗaura shi. Ta asalin nakan karɓe ta a cikin ciniki in sayar wa wani da tsada, kuma ba ta daraja sai da murfin nata. Saboda haka duk wanda ya tambaye ni murfin, nakan ce masa kwalliya ce kawai, nauyi take ƙara wa babur. Na faɗi kalmar nan har ta zauna a bakina, har na kusa yarda da ita.

Wata rana mijin ƙanwata ya zo. A kamfanin jimar fata yake aiki a Challawa, suna zaune a Zawaciki. Mutum ne mai sanyin hali, Yaya yake ce mini duk da kusan sa'anni ne mu. Shi ba ƙara ya zo nema ba. Ya ce babur ɗin yana nishi a rairayi in ya ɗauko buhu daga gona, ya ji abokan aikinsa suna yabon aikina. Na sa aka ɗaura masa, na yi masa ragi har ina jin na kyauta. Da aka gama ya tsuguna ya daɗe yana kallon salansar, sannan ya tambaye ni ina murfin zai zauna, tunda yana goya ƙanwata. Ga mai walda nan jikin shagona, da na ce ya yi wa salansar kunne da kafin la'asar an gama. Amma masu saye sun cika gabana, kuma akwai wanda na riga na yi wa alkawarin tsohuwar da murfinta. Sai na yi dariya na ce masa kwalliya ce, har na tsokane shi cewa ko amarya zai kai da yake neman ado. Ya yi murmushi ya ce tunda Yaya ya faɗa, shi ke nan.

Bayan 'yan makonni ya kira ni yana dariya, ya ce ai na mayar da shi ɗan gayu, duk inda ya wuce samari na ɗaga masa hannu suna ihu.

Ranar da abin ya faru suna ake yi a gidan 'yar'uwarmu a Ɗorayi. Ƙanwata ta sa sabon hijabi dogo har ƙasa, irin yadin nan mai santsi kamar leda. Hannunta ɗaya yana riƙe da ƙarfen baya, ɗayan ya rungume kular abinci a cinya. Sun daɗe a cunkoson tireloli da rana tsaka, salansa ta yi jawur, da hanya ta buɗe sai ya ba babur wuta. Gefen hijabin ya kwanta a kan ƙarfen, ya narke, ya manne mata a ƙafa, sannan iska ta hura shi ya kama. Daga baya ta gaya mini da farko ɗumi ta ji, ta kira shi Malam a hankali, don ba ta faɗin sunansa, kuma ba ta saba ɗaga murya a titi ba. Da zafin ya kai mata ƙashi ta kira shi da iya ƙarfinta. Bakinta yana dab da kunnensa, amma salansata ta fi ta murya. Mutanen bakin hanya sun ga hayaƙi, suka riƙa ɗaga hannu suna ihu. Shi kuwa ya ɗauka irin gaisuwar da ya saba samu ce, har ya ɗaga musu hannu shi ma. Sai ta saki kular ta wurgo kanta ƙasa.

A asibiti na same su. Ban shiga ɗakin da ake ɓanɓare yadin daga jikinta ba, amma daga baranda ina jin ta. Ƙunar ta kama daga ƙwauri har cinya, ga karaya a hannu. Ta daɗe a kwance, aka yanko fata daga ɗaya ƙafar aka liƙa mata. Da ta warke, gwiwar ba ta miƙewa. Matar da take zuwa kasuwar Na'ibawa sarin kayan marmari da ƙafarta, yanzu a zaune take sallah.

Dangi suka yi ta yi wa mijinta faɗa a kan ganganci, mahaifiyarmu ta daina amsa gaisuwarsa. Ya sunkuyar da kai ya ɗauke laifin duka, bai ambace ni ba ko sau ɗaya. Ni kuma ina sayen magani, ana sa mini albarka, na yi shiru. Bayan an sallame ta, mijin ya turo babur ɗin har shagona, bai tayar da shi ba. Har lokacin narkakken yadin yana nan baƙi ƙirin a jikin salansar. Ya ce in sa a cire masa ita. Ya tsaya har aka kwance, sannan ya dube ni ya ce, ba tare da fushi ba, ashe dai ba kwalliya ba ce. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A ranar na tafi Zawaciki na faɗa wa ƙanwata da mahaifiyarmu komai. Tsohuwa ta tashi ta bar ɗakin. Ƙanwata ta ce ta yafe mini ƙafar, Allah ya rubuta. Abin da take roƙon Allah ya cire mata shi ne, ta yi ta kiran mijinta yana gabanta bai ji ba. Har yau in babur mai ƙara ya wuce ƙofar gidansu, sai ta toshe kunne.

Na daina sayar da salansar. Na bi waɗanda na iya tunawa na ce su kawo a sa musu murfi kyauta. Wasu sun zo, da yawa sun ce in bar musu abinsu, haka ya fi kyau.

Abin da na koya, duk ƙarfen da ka gani a jikin inji akwai dalilin da ya sa aka sa shi, ko da kai ba ka san dalilin ba. Masu babur, kada ku bari a cire muku murfin salansa, kuma ku duba inda hijabi ko zani ya kwanta kafin ku tashi. 'Yan'uwana dillalai, wanda ya tambaye ka don ya yarda da kai, amsarka amana ce. Ni dai na san kukan salansata a cikin dubu. Duk yamma in an tashi daga kamfanoni ina jin masu ita suna wucewa ta gaban shagona, sai in fito in duba wa aka goyo a baya.